Shekarar da Na Guji Mai

Na san abin da kuka taso kuna ji a kan rabon fadamarmu. An gaya muku wai Ige, matar Baffanku Tunau, ta sa mini wani abu a tuwo, na bushe kamar karan dawa, shi ya sa na raba gona da ɗan'uwana. Wasunku har yau in suka haɗu da ita a hanyar rijiya sai su kau da kai, kamar ba ita ta goya rabinku ba. To ku saurara da kyau, don na gaji da wannan zance kuma ba zan sake maimaita shi ba. Ige ba ta sa mini komai ba. Abin da ya same ni a shekarar nan ni na yi wa kaina shi, da bakin da na rufe, da kunnen da bai tsaya ya ji ƙarshen magana ba.

Sai na fara da akushi, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Ku yanzu kowa da farantinsa da cokalinsa, yana ci yana latsa waya. Mu ba haka muka tashi ba. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar gero a tudu da fadamar albasa ta wajen Sifawa, ba mu raba ba. Ni da Yaya Tunau muka ci gaba da noma su tare, rumbu ɗaya, injin ban-ruwa ɗaya, tukunya ɗaya. Ige ta yi girki kwana biyu, uwarku Kulu ta yi kwana biyu. In an sallame magariba sai a fito mana da baƙin akushin da tsoho ya bari a aje a zaure, tuwon gero a ciki, miya a kai, man shanu ko man gyaɗa yana kwance a tsakiya. Shi ya zauna ta gabas, ni ta yamma. A danginmu an san ma'anar wannan zama. Duk wanda ya janye hannunsa daga akushi, ba tafiya ya yi ba, ba kwance yake ba, to ya riga ya faɗi abin da yake so ba tare da ya buɗe baki ba: rabonsa yake nema. Haka ƙannen mahaifinmu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa cewa a raba, hannu kawai suke janyewa, sai a kawo igiyar awo.

Tun ina yaro Yaya yake da wata mugunta. Yana da wani ɗan dutse mai faɗi, bai kai tafin hannu ba. In na juya wanke hannu sai ya cusa shi ƙarƙashin akushi ta gefena, akushin ya karkata, man duk ya gangara wajensa. Na yi kuka a kan dutsen nan ina ƙarami, na yi faɗa a kansa ina saurayi, har muka yi iyali yana yi ina harararsa. Ige ce mai rama mini. An kawo ta gidanmu ina ɗan yaro, ita ta yi ta cire mini ƙaya a ƙafa, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, Auta take ce mini har na yi furfura. In ranar girkinta ce sai ta haƙa ɗan rami a tuwon ta gefena, ta ɓoye man shanu ta rufe, ta leƙo zaure ta ce:

"Auta, ci a hankali, akwai rijiya ta gehenka. Bar shi da dutsenai."

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne kakarku, Inna. Ciwon suga ya kashe ta, amma bai kashe ta lokaci ɗaya ba. Ya fara da ɗan yatsa, ya ci ƙafa, aka kai ta Sakkwato aka yanke, aka dawo da ita, ya kama ɗayar. Yaya ne ya yi ta ɗaukar ta a bayansa shekara biyu, daga ɗaki zuwa inuwa, daga inuwa zuwa ɗaki. Shi yake wanke gyambon da matan gida ma suka kasa tsayawa kusa da shi. Ranar da muka dawo daga binne ta, ya tsaya a tsakar gida da ƙasar kabari a gwiwarsa ya ce kada wani ya ƙara ambatar sunan ciwon nan a gabansa. Ba wanda ya ƙara. In an yi zancen wani mai shi a ƙofar masallaci, takalminsa yake ɗauka ya bar wurin.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an yanke gero muna shirin dashen albasa, na fara jin ƙishirwar da randa ba ta kashewa. Fitsari kuwa kamar an buɗe tiyo. Fartanya ta sare ni a ɗan yatsan ƙafa, ciwon da a da kwana uku ya ishe shi, ya yi wata yana ruwa. Na san abin da nake gani, na taɓa ganinsa a ƙafar wata. Ranar kasuwar Bodinga na ce wa Yaya zan je sayen fulogin inji, na zarce asibiti. Wata malama mai farin hijabi ta huda mini yatsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta dube ta, ta dube ni.

"Baba, suga ne, kuma ya hau. Amma ba a makara ba. Za ka sha magani kullum. Za ka rage tuwo, ka rage shinkafa da burodi. Fura da sukari ka bar su, lemon kwalba ma haka. Sannan kuma..."

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Bakinta yana motsi, ni ƙafar Inna nake gani a cikin tsumma. Ta daɗe tana magana, har tana ƙirga wasu abubuwa da yatsu. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ba ni wata takarda da rubutun Turanci gaba da baya, ta ce in ba wani a gida ya karanta mini, in dawo bayan sati biyu. Na ninke takardar na cusa a cikin hula. Wa zan ba? Duk wanda ya karanta, kafin la'asar gida ya ji, kafin magariba Yaya ya ji. Ban koma asibitin ba kuma. In ƙwayoyi sun ƙare sai in nuna kwalin a kemis a ba ni wasu.

Maimakon in juya in ce malama ban ji ba ki sake faɗa, sai na zauna a teburin mai shayi bakin tasha, na ce wai wani abokina ne ya kamu, me ya kamata ya ci. Kun san teburin shayi, ba a rasa likita. Wani dillalin awaki mai ƙaton ciki ya aje kofinsa ya buga tebur.

"Mai! Mai shi na babban mugu. Tuwo mi yay yi ma wani? Mai shi ka toshe jijiya, shi ka kashe mai suga. Abokin ga naka, in shina son shi rayu, ko ƙamshin suya kar shi shaƙa."

Wani ya ce ƙwai ma haka. Wani ya ce nama. Wani ya ce gyaɗa ai mai ce zalla da ɓawo. Mai shayin da kansa, yana kaɗa ƙwai a kofi zai zuba a kasko, ya ce tabbas haka yake. Na haɗa maganar malama da ta dillali na yi lissafi irin na mai tsoro. Ita ta hana tuwo, su sun hana mai, to in na bar duka biyun na tsira da ƙafata.

Uwarku kaɗai na gaya wa, bayan na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Kun san sana'arta, man gyaɗa take matsa, rabin ƙauyenmu da kwalbarta suke miya. Na same ta a bayan ɗaki tana juya tunkuza a turmi, man yana tsattsafowa. Na ce daga yau ta dafa mini zogale ko rama ko kabeji da ruwa da gishiri ta kawo ɗakina, kada ɗigon mai ya taɓa tukunyar.

"Malam, ganye da ruwa? Akuyata ma ina ba ta dusa."

"Abin da nic ce ke nan."

"To akushi hwa? Mi za ka ce ma Yaya?"

"Ba ni cewa komi."

"Rashin cewar ai shi na maganar. Ka hi ni sanin gidanku."

Tana da gaskiya, kuma na sani. Amma na auna abu biyu. In ce wa Yaya suga, in ga fuskarsa ta koma irin ta ranar binne Inna, ko in yi shiru ɗan wata biyu har in warke in dawo akushi kamar ba a yi komai ba. Haka na zaci ana warkewa, kamar masassara.

Ranar farko na ce cikina ne. Ta biyu na ce na ci a kasuwa. Ta uku ban ce komai ba, na ratsa zaure na shige ɗaki, ina jin Yaya yana wanke hannu a hankali yana jira. Mutane kuma suna da ido. Sun ga kwano yana shiga ɗakina daga hannun matata, ba abin da ke shiga daga hannun Ige. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka ko miyarta ce ta gundure ni. Ta aika ruga aka kawo mata man shanu sabon kaɗi, ta soya shi da albasa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta. Ta ɗauko da kanta ta kawo bakin ƙofata da rana tsaka.

"Auta, hushi kaka yi da ni? Ga rijiyarka ta cika har ta batse. Tashi ka ci kahin tsohon ga shi kawo dutsenai."

Yawuna ya tsinke. Na san in kwanon nan ya ƙara minti ɗaya a gabana sai na sa hannu. Na ce ta ɗauke abinta, ba ni ci. Ta matso da shi tana dariya, ta zaci wasanmu ne na kullum. Sai na ture shi da bayan hannu. Ban yi nufin ya kife ba, amma ya kife, man ya malala ƙasa ta shanye. Akwai mata biyu a tsakar gida sun zo sayen mai wajen uwarku, a gabansu aka yi. Ige ta durƙusa ta ɗauki kwanonta, ta kakkaɓe shi, ta koma ɗakinta.

Wata huɗu na yi a haka. Safe ganye, rana yalo da ruwan shuwaka, yamma ganye. Ƙwayoyi kuwa ban fasa ba ko sau ɗaya. Ganye marar mai ba ya zama a ciki. Ka ci kwano guda, kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo ta zauna inda ta tashi. Na ƙara wa mazagin wando ƙulli, na sake ƙarawa. Fatata ta yi fari ta tsattsage, leɓɓana suka dare, in na zauna a tabarma ƙashi yana sukata. Sanyi nake ji da rana a tsaye. Na riƙa mantuwa a salla, in tsaya ban san raka'a nawa na yi ba. Igiyar injin da nake ja sau ɗaya ya tashi, sai na ja sau biyar ina haki. Faɗa kuwa ba wanda ban yi da shi ba, ku manyan kuna iya tunawa, a kan buta ma na doki ɗayanku. Abin haushin, duk wannan a cikin gidan da ƙamshin suyar gyaɗa ba ya yankewa. Uwarku tana jera kwalabe a rana, ni ina kewaye su kamar garwashi. Sau ɗaya ta saci jiki ta ɗiga mini cokali guda a zogale. Na ga maiƙon a bakin kwano, na zubar, na kwana biyu ban yi mata magana ba. Kuma a raina ina yaba wa kaina, wai ramar nan ita ce alamar ciwon yana fita.

Gari kuma ya yi nasa lissafin. Mutum ya daina cin tuwon matar wansa, ya ture kwanonta gaban jama'a, ga shi yana bushewa a tsaye, me ya rage a faɗa? A rijiya mata suka daina karɓar guga daga hannun Ige. A gidan suna aka hana ta taɓa tukunya, ita da ake aikowa tun daga Horo Birni ta je ta yi tuwon biki. Ta daina fita. Kulu ta zo mini tana kuka ta ce in sake ta daga rantsuwa, ana cin naman baiwar Allah a banza. Na ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan. A duk abin da bakina ya taɓa faɗa, ba wanda nake jin kunyarsa kamar wannan saura kaɗan ɗin.

Yaya ya same ni a fadama da hantsi, ina zaune bakin fangalin albasa na kasa tada inji. Ya ja igiyar sau ɗaya ya tashi, sannan ya kashe shi don in ji shi da kyau.

"Arzika, wata huɗu ina wanke hannu ina jiranka. Matata ba ta hita gida. Tambaya guda za ni yi maka. Kana zargin Ige?"

"Ban ce ba."

"Ban tambaye ka abin da kac ce ba. Kana zarginta?"

"A'a, Yaya."

"To taho mu ci tuwonta yau, ƙohwar gida, kowa shi gani."

Nan ne wurin. In da akwai inda zan so a mayar da ni a duk shekaruna, to bakin fangalin nan ne. Kalma ɗaya ce, ba ta da tsawo. Na dubi bayansa da ya fara ranƙwafawa, bayan da ya ɗauki Inna shekara biyu, na ce a raina ni dai ba zan hau shi ba. Na sunkuyar da kai.

"Ba ni iyawa, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ya tsaya a hanyarsa. Sannan ya kakkaɓe hannu.

"To na ji. Ba sai ka wahal da bakinka ba, na san yaren gidanmu. Jibi a kawo igiya."

Aka kawo igiya. Liman da dattawa biyu suka auna fadama da albasar a tsaye a ciki, aka haƙa iyaka aka dasa gamba a kai. Aka fito da geron rumbu aka raba dami-dami. Inji aka bar mini wai ni ne ƙarami, ni da ko tada shi ba na iyawa. Akushi Yaya ya ɗauka, ba wanda ya yi gardama. Aka ja zana a tsakar gida, tukunya ta zama biyu. Daga ranar zaure ya zama hanya kawai. Shi ma ya daina cin abinci a can. Ina ɗakina da ganyena, yana ɗakinsa da tuwonsa, zana ce tsakaninmu, in ya yi tari ina ji.

Da aka cire albasa na kai buhunana kasuwar Shagari. Ranar na sha ƙwaya da safe a kan ruwan shuwaka, ko ganyen ban tsaya ci ba. Ina tsaye ana duba kaya sai gumi mai sanyi ya keto mini, muryar dillali ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. An ce na faɗi a kan buhu na mirgino ƙasa. Na farka a kan benci a wani ɗakin shan magani, wani malamin asibiti gajere mai sanƙo yana ba ni ruwan sukari a cokali. Sukari! Abin da na yi wata shida ina gudu. Na yi ƙoƙarin tofarwa, ya riƙe mini haɓa.

"Haɗiye, Baba. Suganka ne ya faɗi ƙasa warwas. Na ga ƙwayoyin a aljihunka. Me kake ci a gida?"

"Ganye."

"Da me?"

"Da ruwa. Da gishiri."

"Mai fa? Ƙwai? Gyaɗa?"

"An hana."

"Wa ya hana?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Teburin shayi."

Ya aje cokalin ya yi wata dariya marar daɗi. Hulata ta faɗi lokacin da aka ɗauko ni, takardar nan ta fito, gumin wata shida ya mai da ita kamar ganyen taba. Ya warware ta a hankali don kada ta yage, ya juya bayanta ya nuna mini.

"Ka ga gaban nan, abin da za ka rage ne. Bayan nan kuma abin da za ka ci ne. Ka yi aiki da rabi, ka ɗora rabi a ka kana yawo da shi. Kana da injin ban-ruwa?"

"Ina da."

"In ka rage masa fetur, ka kuma tsiyaye baƙin mai, ka ce ya yi ta ja maka ruwa, me zai faru?"

"Ƙonewa za shi yi."

"To kai ma ka kusa. Wanda ya rage tuwo dole wani abu ya tsaya a gurbinsa, in ba haka ba jiki namansa zai koma ci. Ga magani kuma yana ta jan suga ƙasa, ba abin da yake tararwa a ciki."

Ya karanta mini bayan takardar da Hausa, yana ƙirgawa da yatsu daidai yadda malamar Bodinga ta yi ranar da kunnena ya toshe. Man gyaɗa mai kyau, cokali ɗaya ko biyu a kan ganye ko a miya. Gyaɗa cikin tafin hannu. Riɗi, agushi, ƙwai, kifi, wake daidai misali, kindirmo ba sukari. Man shanu kaɗan, ba a ce in yi wanka da shi ba. Abin da ya ce in guda shi ne man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi a kaskon bakin titi, da tulin kitse. Tuwon ma bai ce ya haramta ba. Ya dunƙule hannunsa ya ce kada ya wuce haka, miya da ganye su fi shi yawa. Ya ce ganyen ma da na yi ta tura wa cikina, sai da ɗan mai jiki yake cin cikakken amfaninsa. Ya canza mini yawan maganin, ya ce in riƙa zuwa awo, in daina shan ƙwaya da ka. Sai ya tambaye ni ko ana samun man gyaɗa na kirki a garinmu. Na ce matata ce mai matsa shi. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki.

Ashe wani ɗan garinmu ya buga wa Yaya waya tun ina kwance a kasuwa. Da na juya sai na gan shi bakin ƙofa da lakar fadama a ƙafa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Sunan da ya hana a ambata an ambace shi a gabansa ya fi sau goma, bai ɗauki takalmi ya tafi ba. Ya ɗora ni bayan babur, ya kwance rawaninsa ya ɗaure ni a jikinsa don kada in zame. Muka kama hanya. Sai da muka ci rabin tafiya ya tsaya a gindin wata tsamiya ya kashe babur. Bai juyo ba.

"Suga."

"I, Yaya."

"Shi kab ɓoye mini."

"Na ga abin da kas sha da Inna. Ban so in ƙara maka..."

"Ruhe mini baki. Inna uwata ta, na ɗauke ta, kuma da za a maido ta da na ƙara ɗauka. Kai wa yac ce maka ka yi nauyi? Ga ka nan baya gare ni, buhun ƙaiƙayi ma ya hi ka."

Ina jin numfashinsa ta cikin rawanin da ya haɗa mu. Can ya ce:

"Ka bari anka kira matata mai sammu don kar in ji zahi. To na gode."

Ban taɓa jin godiya mai ciwo irin wannan ba.

Washegari bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa jama'a da bakina. Suga gare ni, ni na hana kaina abinci, Ige ba ta da laifin komai. Wasu suka yarda. Wasu suka ce rufewa aka yi don zumunci, kuma irin maganarsu ce ta iso kunnenku. Daga nan na kewaya zana na shiga wajen Ige na durƙusa, ni da furfurata. Tana tankaɗe, ba ta aje rariya ba.

"Ba komi, Malam Arzika. Allah shi ƙara sauƙi."

Da aka sallame magariba na zo zan ratsa zaure yadda na saba, sai na ga baƙin akushi a ƙasa, Yaya ta gabas yana wanke hannu. Rabin akushin tuwo ne. Rabin kuma ɗatun zogale ne da aka kwaɗa da ƙuli da albasa, da dafaffen ƙwai a kai, an zuba man gyaɗa yana ƙyalli. Girkin Ige ne, ta saman zana ta karɓi kwalbar daga hannun uwarku. Na zauna ta yamma. Ya laluba aljihu ya fito da dutsen nan, ashe bai yar ba. Ya jujjuya shi a hannu, sai ya cusa shi ƙarƙashin akushi ta gefensa. Akushin ya karkato, man ya taho wajena a hankali ya taru.

"Ci, ɗan banza. Tuwon ka bar mini, loma ukku na yarje maka."

Na ci. Sai ranar na san mai yana da ɗumi a ciki. Na tashi daga akushin nan yunwa ba ta biyo ni ba, karo na farko a wata shida. Kafin sati uku na ja igiyar inji ya tashi, ba a ja ɗaya ba, amma ya tashi.

Ban warke ba, ba a warkewa, ku daina tambayata. Amma yau shekara bakwai ƙafafuna biyu suna nan, ciwon yatsan ma ya rufe. Gyaɗar da kuke gani a aljihuna kuna yi mini dariya, da kwalbar farkon matsa da uwarku take ɓoye mini ba ta sayarwa, dalilinsu ke nan. Ina zuwa awo ko ina so ko ba na so. Wani lokaci sugan ya hau, wani lokaci ya sauka, na gaji da shi, shi bai gaji da ni ba. In ya zo wa ɗayanku, don yana bin jini, ku zauna ku ji magana har ƙarshenta, kuma ku faɗa a gida tun ranar.

Fadama ba ta koma ɗaya ba. 'Ya'yan Yaya sun riga sun haƙa rijiyarsu a nasu gefen, shi kuma ya ce abin da aka raba gaban liman ya rabu. Gambar iyaka ta yi tsawo, duk shekara ana yanka ta a yi zana, ta sake tohowa. Ina ganinta kowace safiya. Zanar tsakar gida dai an ɗauke, girki ya koma kwana bibbiyu kowa yana auno geronsa, akushi yana fitowa, dutsen yana gefen Yaya har yau.

Ku je ku gaishe da Ige, ku durƙusa mata, ba ku kaɗai ba har da 'ya'yanku. Ranar girkinta ba ta taɓa yi mini rowar mai ba, ta fi uwarku ma sanin awon cokalina. Tana gaishe ni, tana tambayar ƙafa. Amma ba ta sake haƙa rijiya a tuwo ba, kuma tun ranar da na ture kwanon nan ba ta ƙara ce mini Auta ba.